Kwana Uku Ina Alhaji a Akra

Tun da na dawo daga Gana ban sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Rahila ta tare ni a bakin aji, Talatu ta tare ni a wajen mai awara, har malamar lissafi ta tsayar da darasi ta ce, "Dudu, wai da gaske ne Alhaji ake kiran ki a can?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin sai tekun ya ƙara girma. Bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, kafin in kai ga cewa da iyo na dawo.

Sai na fara da Goggo. Ba ƙanwar Baba nake nufi ba. Goggo tsohuwar injin buga takardu ce, baƙa wuluk, mai nauyin giwa biyu da ɗan maraƙi, tana zaune a shagonmu da ke jikin gidanmu a unguwar Barade ta Jalingo tun kafin a haife ni. Tana da hannu na ƙarfe mai juyawa: ya ɗauki takarda, ya miƙa a buga, ya ajiye. In tana aiki numfashi take yi, fuu-tak, fuu-tak, ana ji har ɗakin Dada, mahaifiyarmu. Da Dada ta ji numfashin nan da hantsi sai ta dama fura a kofin silba ta kai wa Baba. Rabin katunan auren Jalingo daga cikin Goggo suka fito. Sauran rabin, auren bai daɗe ba.

Baba yana da bango guda a shago da yake manna takardun gayyatar tarukan masu ɗab'i. Na Legas, na Abuja, har da wani na ƙasar Jamus da ko sunan garin ba ya faɗuwa sai an yi kaki. Kowace shekara sai ya sa tabarau ya tsaya gaban bangon yana zaɓe. Ba ya duba girman otal ko manyan baƙi. Abu biyu yake tambaya: za a bar mutum ya taɓa inji da hannunsa? Kuma masu gyaran tsofaffin injuna za su zo, ko masu kwat ne zalla? In ya gama zaɓe sai ya cire tabarau ya ce, "To, baɗi za mu je." Baɗi ta zo, ya sake cewa baɗi.

Bana hannun Goggo ya karye. Babu irinsa a Jalingo, babu a Yola, babu a Kano. Mutum ɗaya ne Baba ya san yana da shi, wani tsohon makaniki a Akra da suka shekara tara suna waya ba su taɓa ganin juna ba. Mu dai Ɗan Gana muka san Baba na kiran sa. Shi ya ce a zo da karyayyen hannun wajen taron masu ɗab'i da ake yi a garinsu, don hannayen iri-iri ne, sai an gwada. A karon farko Baba bai ce baɗi ba. Ya yi rajistar mutum biyu, shi da yayana Hamma Sa'idu.

Saura wata huɗu a yi taron Baba ya kwanta ciwo kwana uku. A na huɗu aka yi masa sutura. Ƙaramar wayarsa ta ɓace a cikin hayaniyar zaman makoki, lambar Ɗan Gana ta tafi da ita. Ni kuwa tun ranar bakina ya ƙi faɗin kalmar nan. In wani ya zo shago ya tambayi Alhaji, sai in ce, "Ba ya nan," in shige gida in bar Hamma da bayani.

Hamma taron Legas yake so, inda ake baje sababbin injunan buga bana, manyan ledojin tallan nan da ake ratayawa a titi. Ya ma yi magana da wani mai sayen ƙarafa a Yelwa cewa ƙarshen wata ya zo ya auna Goggo, don a samu wurin ajiye sabuwa. Na yi kukan da maƙwabta suka zaci gobara ce. Dada ce ta raba mu.

"Sa'idu, inda ubanku ya zaɓa za ka je. Ka tafi da Dudu, ita ta san cikin injin nan fiye da kai. In an samu hannu, Goggo ta zauna. In ba a samu ba, a auna."

Aka yi mini fasfo da katin rigakafi. Na naɗe karyayyen hannun a cikin zanen Dada, muka kama hanya bayan asuba.

Hanyar Legas ba hanya ba ce, hukunci ce. A garin Mutum Biyu na ce wa Hamma, "Ga garinmu, mu sauka." Bai yi dariya ba. Bai yi dariya ba har Wukari, inda wata mata ta shigo da doya guda da ta kusa kai ni tsawo, ta kwantar da ita a cinyata ta ce in riƙe mata kamar jariri. Na riƙe doyar nan har Makurɗi. Da za mu rabu sai da na ji ba daɗi. Dambun naman da Dada ta ce ya kai mu Gana ya dawo da mu kuwa, kafin mu tsallake gadar Binuwai ya zama tarihi. Na ce wa Hamma zafin mota ne ya ƙone shi.

A Legas muka shiga wata motar mai bin bakin teku. Nan na fara sanin mene ne iyaka. Sau uku ana sauke mu, a Seme, da tsakanin Benin da Togo, da Aflawo, kuma sau uku ana kwance zanen Dada. Jami'in farko ya ɗaga ƙarfen ya juya shi.

"Wannan fa?"

"Hannun Goggo ne," na ce.

Ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce cikin tausayi, "Ita tana ina?"

"Tana gida. Ba ta iya tafiya."

Hamma ya taka mini ƙafa ya ciro takardar taron ya yi bayani. Mutumin ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa. A iyakar Togo kuwa Faransanci suke yi, ni da Hamma ba mu da ko kalma, sai na tsaya gaban tebur na zama Goggo: na juya hannu, na ɗauki takarda, na yi fuu-tak, fuu-tak. Matar ta buga mana hatimi da sauri, ina jin don in daina.

Ƙasar Togo ba ta da faɗi. Na sunkuya ɗaure takalmi, na ɗago, aka ce mun gama ta. Teku kuma, Rahila, ki yi haƙuri, ba kamar kogin Lamurde ba ne in ya cika. Ba shi da tsallake. Na manna fuska a gilashi ina cewa a raina, Baba da ka ga wannan da ka ce wa ya ɓarar da shuɗiyar tawada haka.

Mun sauka a Nima, unguwar Akra da ake jin Hausa, a gidan baƙi na wata Hajiya Memuna. Mu 'yan Jalingo da Kanawa ke yi wa dariyar Hausa, ku kwantar da hankalinku, na gano waɗanda suka fi mu. Hajiya ta dube ni ta ce wa 'yarta, "Yarinya ya gaji, ba shi ruwa." Ba su da ƙ, ba su da ɗ, duk sun zubar a hanya. Ƙofa kofa ce, ɗaki daki ne. Na ji kamar in buɗe makaranta.

Abinci kuwa duk namu ne ya je can ya sake suna. Shinkafa da wake sun zama wace, an jibga musu taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito, wanda na ɗanɗana na ga kakannina. Koko suna ce masa kokon Hausa, kamar akwai na wasu. Akwai kuma wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo, da na ci loma ɗaya na tambayi Hajiya ko na shekaranjiya ne. Ta ce haka ake son sa. Kuma mutane ne masu ladabi har abin ya yi yawa. Ko taka ka za su yi sai sun ce don Allah.

Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. A kowace kwana ta Akra akwai ƙaton hoton mamaci. In mutum ya mutu sai a buga masa fosta mai launi, da sunansa da shekarunsa da murmushinsa, wata ta kai girman bangon ajinmu, a bar ta makonni. Hamma ya ce, "Masu ɗab'in garin nan ba sa rasa aiki." Ni kuwa ina tuna cewa Baba ya buga sunan kusan kowa a Jalingo, amma shi kafin azahar an kai shi, ko ƙyallen takarda ba a buga ba. Na san haka addini ya ce, kuma haka ya fi. Amma na ƙirga fosta goma sha ɗaya kafin mu kai masauki, ina duba kowace fuska.

Ranar farko mun isa zauren taron muka tarar da ƙofa a rufe, mai shara kawai. Na ce shi ke nan, an gama ba mu. Ashe agogonsu yana bayan namu da awa guda. Muka zauna a kan dakali kamar masu jiran sadaka.

Da aka buɗe, wata mata a teburin rajista ta miƙo mana katuna biyu masu igiya na ratayawa a wuya. Na Hamma da sunansa. Nawa kuwa, da manyan baƙaƙe: ALHAJI BAKARI DANJUMA, JALINGO.

Matar ta dube ni ta ce da Turanci za ta buga mini sabo yanzu-yanzu. Hamma ya ce e, a canza. Na damƙe katin.

"Hamma, ba mu san sunan Ɗan Gana ba, ba mu san fuskarsa ba. Shi ma sunan nan kawai ya sani."

Hujja ce mai kyau, shi ya sa ya bar mini shi. Amma gaskiyar ita ce ko da ba hujja ba zan bayar ba. Ga sunan Baba an buga. Abu ɗaya ya dame ni: ba su sa wa D ɗin ƙugiya ba. Baba bai taɓa barin sunan mutum ya fita daga shagonsa babu ƙugiya ba. Akwai ranar da ya zaunar da mu da biro muka bi katin aure ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya, don an rubuta ango Dahiru maimakon Ɗahiru.

Haka na zama Alhaji. Mai gadi ya karanta katin ya sara mini. Masu baje kaya, da yake an koya musu su fara duban kati kafin fuska, sai su ce, "Barka da zuwa, Alha…" su ɗago ido su ga hijabi ruwan hoda da kurajen fuska. Wani Bature ya ba ni katinsa da hannu biyu yana tambayar injuna nawa ne a kamfanina. Na ce ɗaya ce, amma ta fi shi shekaru. Na tara jaka bakwai ta kyauta da biro ashirin da uku, ga shaida a gida.

Zauren ya kai girman kasuwar Jalingo in an share ta. Akwai injin da ya fi motar da ta kawo mu tsawo, yana aman takardu kamar ruwan sama. Akwai mai buga hoto a jikin kofi, da riga, da kek. Da na tsaya kusa da shi da ya buga a goshina. Hamma ya ga injin bana da yake mafarki, ya tsaya gabansa yadda ban taɓa ganin ya tsaya gaban Adda Hafsatu da zai aura ba. An bar shi ya taɓa. Na ga yana shafa gefen injin a hankali, sai na gane shi ma akwai abin da yake so, kuma Goggo ce ta tare masa wuri. Ban ji daɗin gane hakan ba.

Mun shiga lacca ɗaya. Wani mai kwat ya yi awa guda yana bayanin cewa kamfanoni sun koma aika saƙo ta waya, takarda ta kusa mutuwa. Da ya gama aka raba mana jawabinsa a takarda.

Kwana biyu ina yawo da hannun Goggo rumfa-rumfa. Wasu su girgiza kai. Wani saurayi ya tambaya ko daga gidan tarihi na ɗauko. Na tambayi tsofaffi huɗu ko su ne Ɗan Gana, duk suka ce e, ai kowa a nan ɗan Gana ne. Da yammar rana ta biyu Hamma ya ce, ba da faɗa ba, "Dudu, gobe ne ƙarshe. Ki fara shirya ranki."

Rana ta uku da azahar ina layin abinci, na riga na daina tambaya. Sai na ji an riƙe igiyar katina. Wani tsoho ne gajere, mai furfura, farcensa baƙi da tawadar da ba ta fita, irin na Baba. Ya kawo katin dab da idonsa.

"Kai yarinya, ina ka samu wannan suna?"

"Na babana ne."

"Alhaji na Jalingo? Mai Goggo?" Ya saki igiyar ya tafa hannu. "Kwana uku ina neman dogon mutum mai gemu! Sun ce mini a tebur ya zo, ya karbi katinsa. Ni ne Papa Kwesi! Shekara tara yana ce mini badi, badi. Yau na kama shi. Ina shi?"

"Ba ya nan," na ce.

"Ya tafi salla? Ba komai, zan jira."

Ya ja ni zuwa teburinsa a can ƙarshen zauren, kusa da ƙofar baya, inda masu tsofaffin ƙarafa suke. Ya share kujera da hularsa ya ajiye ta gefe, ya ce wannan ta Alhaji ce. Ya zauna yana kallon hanya yana murmushi. Ya ce a Kaduna ya koyi Hausa yana saurayi. Ya ce in Goggo ta yi ciwo Baba kan kara waya a jikinta, shi kuma ya saurara daga Akra ya faɗi abin da ke damun ta. Ya ce wata huɗu yana kira ba ta shiga, ya san dai wayar ce ta lalace. Yana magana yana leƙen bayana.

Na waiga neman Hamma. Yana can wajen injin bana. Ba ɗakin da zan shige.

"Papa."

"Na'am, Alhaji karami."

"Ya rasu. Baba ya rasu. Wata huɗu ke nan."

Ban san muryata za ta fito da ƙarfi haka ba. Papa Kwesi ya dubi kujerar da ya share. Ya daɗe yana duban ta. Sannan ya ce, "Zauna a kai." Na zauna, muka yi kuka mu biyu a tsakiyar ƙarafa, mai sayar da rolar shafa tawada na kusa da mu ya miƙo mana tsumman goge inji. Shi ya sa a hoton da Hamma ya ɗauka daga baya hancina baƙi ne, Talatu, ba shito ba ne.

Da muka natsu ya ce in kwance zanen. Ya ciro hannaye uku daga ƙarƙashin tebur, tun watan da Baba ya kira shi ya ajiye su. Na farko ya yi tsawo. Na biyu ramin ƙusarsa ya kauce. Na rufe ido. Na ji ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, sai Papa ya ce, "Bude ido. Tagwaye ne."

Hamma ya iso ya ji komai. Ya sa hannu a aljihu, Papa ya buge hannun.

"Babanku ya yi mini alkawarin zumar Mambila. Ita nake jira. Ku kawo da kanku."

Ya kwashe sauran yinin yana koya mini ɗaura hannun, sau shida, har sai da na yi ido a rufe. Kafin mu rabu na ciro biro ɗaya cikin ashirin da ukun nan, na ɗora katin a gwiwa, na sa wa D ƙugiyarsa. Papa ya tambayi mene ne wannan ƙaho. Na ce sunan ne ya cika.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a kowace iyaka yanzu hannu biyu nake nunawa. A wajen Wukari na tambayi Hamma injin bana fa. Yana kallon taga ya ce, "Baɗi." Sai ya ji abin da ya faɗa.

Washegarin isowarmu da hantsi na ɗaura hannun, Hamma na riƙe mini fitila yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Muka zuba mai, muka shafa tawada, muka jera takardun rasit na wani mai shagon magani da ya gaji da jira. Na kira Papa Kwesi na kara wayar a jikin Goggo. Hamma ya kunna.

Fuu-tak. Fuu-tak.

"Sassauta kusa na sama kadan," in ji Papa daga Akra. Na sassauta. Ya saurara. "Yawwa. Ita ce."

Ban ji shigowar Dada ba. Juyowa na yi na gan ta a ƙofar da ta haɗa shago da gida, da kofin silba a hannu, fura har baki. Ba ta shiga shagon ba tun ranar da Baba ya rasu. Tana tsaye tana duban wurin da Baba ke tsayawa, kuma ni ce a wurin, da katin a wuyana, don ban cire shi ba sai da za ni makaranta. Na ga lokacin da ta tuna. Kofin ya ɗan karkata, fura ta ɗiga a ƙasa.

Hamma ya kai hannu zai kashe injin. Ta girgiza masa kai.

Ta tako, ta kama katin ta duba, ta shafa ƙugiyar da babban yatsa. Sannan ta miƙo mini kofin.

"Ungo, Alhaji," ta ce. "Sha, ka koma aiki."